Shekarar da Na Ƙone Sansanin Bakin Gulbi

Na san abin da ake faɗa muku a gari game da ni da sansanin 'yan sikawut na bakin gulbi. Wasu sun ce muku na cinna masa wuta ne saboda haushin Bature, wasu kuma sun ce hankalina ne ya taɓu a shekarar. Ɗaya daga cikin jikokina ya taɓa dawowa daga makaranta yana kuka don an kira shi jinin mai ƙone-ƙone, ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce masa ya je ya ci abinci. Ban kyauta ba. Wutar dai ni na sa ta, da hannuna, da rana tsaka, mutane suna kallo. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne abin da ya zo kafin wutar, domin waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, kuma idona ya fara gajiya da rubutu. Saboda haka zan ajiye muku labarin a nan yadda ya faru, har da wurin da laifina yake.

Wanda ya je sansanin yau zai tarar da babban zauren taro mai rufin kwano, da dogayen ɗakunan kwana, da masallaci, da ɗakin shan magani, da famfo, da filin fareti da aka kewaye da darbejiya. Malaman makarantu suna zuwa daga nesa su yi makonni ana koya musu yadda ake riƙe yara a daji. A lokacin da nake ba ku labari babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wurin saurar mahaifina ce, gonar da ta gaji aka bar ta ta huta, a kan tudu tsakanin Jibiya da Magama. Idan ka tsaya a samanta za ka ga gulbi a ƙasa, ka kuma hangi dogon ƙarfen nan da Turawa suka kafa don nuna iyaka, wanda mutanenmu ke kira tangaraho. Daga bayansa ƙasar Faransi ce. Mu dai ba mu ɗauki ƙarfen da muhimmanci ba, don rabin danginmu suna bayansa, kuma kasuwarmu ɗaya.

Ni an ɗauke ni makaranta a Katsina tun ina ƙarami, a can na shiga sikawut, a can kuma aka yi mini lamba a dantse don rigakafin agana. Da na gama aka mayar da ni gida in koyar a elementare. Akwai wani Baturen makaranta da muke kira Mai Lofe, saboda ba ya rabuwa da lofen taba ko da babu wuta a ciki. Shi ya ce yana neman wuri kusa da ruwa inda yara za su riƙa zuwa lokacin hutu su kwana a daji su koyi dogaro da kai. Ƙuruciya da son a yaba mini suka sa na ce masa ai muna da wuri, tun ban tambayi mai wurin ba. Da na dawo gida na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar guga, don sana'arsa haƙar rijiya ce. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ɗago kai ya ce:

"Mi za su shuka a wurin?"

"Ba shuka za su yi ba, Baba. Kwana za su yi. Su koyi ƙulla igiya, da bin sawu, da yadda ake ɗaure wa wanda ya karye."

"Su baro ɗakunan iyayensu su taho su kwana cikin saura? To, Allah shi kyauta. Ka riga ka yi magana da bakinka, ba ni mayar da kai ƙaramin mutum. Amma inda mutum zai kwana, ruwa ne farko. Ni zan haƙa rijiyar, kada a kawo mini wani."

Inna kuwa ba ƙasar ce ta dame ta ba, gajeren wando ne. Duk ranar da na sa kayan sikawut sai ta juya fuska ta ce, ƙato da iyali, gwiwa a waje kamar mai shiga kamun kifi. A gari ma an yi ta raɗe-raɗi cewa soja ake so a mayar da 'ya'yan mutane, har wasu suka hana nasu zuwa. Duk da haka muka yi aikin. Baba ya haƙa rijiya a gangaren tudu ya ɗaure bakinta da itacen ƙirya. Muka kafa bukkoki shida na zana da jinka, muka yi rumfar girki da rumfar karatu, muka haƙa salga can nesa ta inda iska ba ta kawo wari. Muka tsayar da doguwar azara a tsakiyar fili don tuta. A kan wani kwazazzabo da ke gangarawa gulbi yara suka ɗaura gadar igiya da hannunsu, kuma ita ce abin da mutanen ƙauye suka fi zuwa kallo. Bukka ta shida ita ce ma'ajiya, a ciki akwai tukwane da igiyoyi da tabarmi, da wani akwatin katako mai bandeji da aidin da almakashi. Hutu biyu aka yi ana zuwa. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar usur da hayaniyar yara suna tsere zuwa rijiya, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan lokacin ba.

A shekara ta uku Mai Lofe ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar mini amanar sansani. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, fara ta ci abin da ya rage, kuma a ƙasar Faransi ga yunwa ga aikin dole. Da bazara ta kama sai mutane suka fara ƙetarowa, da jakuna da tsofaffi da jarirai. Da farko gari ya karɓe su, kowa ya je gidan danginsa. Sai aka ga wata ƙungiya ta iso da masu ƙuraje a jiki, aka gane agana ce. Dattawan gari suka ce kada su shigo. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, don wanda ya taɓa ganin abin da agana ke yi wa unguwa ba zai yi wasa da ita ba. Mutanen suka koma cikin gulbi, wanda ya ƙafe sai yashi, suka zauna a rana suna tona ƙananan ramuka don samun ruwan sha. Wata Bafillatana mai kawo mana nono ce ta gaya wa Inna cewa ta hangi ƙanen Innar a cikinsu, Kawu Alu, da matarsa da 'ya'yansa.

Da na dawo daga makaranta na tarar da Inna ta yafa mayafi tana tsaye a tsakar gida, Baba ya tare ƙofa.

"Ƙanena yana kwance cikin yashi, ni ina nan ina shan inuwa," in ji ta. "Ka matsa mini in tahi in taho da shi."

"Ki taho da shi ina? Ni da ke mun yi ta tun muna yara, ga shaida nan a fuskarmu. Yarinyar nan fa? Uwarta fa?"

Yarinyar da yake nufi ita ce yayarku, 'yarmu ta fari, wadda ba ku taɓa gani ba. Sunanta Hauwa'u, ana kiranta Kulu. Shekararta biyu da 'yan watanni. Ba a yi mata lamba ba, domin lokacin da mai lamba ya zo gari Inna ta ce ta yi ƙanƙanta a tsaga mata hannu, ni kuma na yi shiru. Ku na yanzu ba za ku gane wannan shirun ba. A zamaninmu uba ba ya sa baki a maganar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye Kulu ta koma ɗakin Inna, ni da mahaifiyarku sai dai mu kalle ta ta gefen ido. Ina da ilimin da zan ce a yi mata, kunya ta hana ni.

Ina tsaye ina sauraron gardamarsu sai bukkokin nan suka faɗo mini a rai, shida, babu kowa a ciki, ga rijiya, ga nisa da gari. Na faɗa. Baba ya juyo ya dube ni.

"Wurin ba naka ba ne yanzu, Iro. Ka ba da shi."

"An bar mini amanarsa, Baba."

"Shi nake faɗa maka. Mai amanar ba shi nan balle ka tambaye shi. In ka buɗe wurin ga, ka san ba za a sake kai ɗan kowa shi kwana ciki ba. Aikinka ma kana iya rasa shi. Ka ji na faɗa maka."

Na ce na ji. Na ce shekara biyu ina tsayar da 'ya'yan mutane a rana ina sa su ɗaga hannu su yi alkawarin taimakon wanda ya shiga wahala, ban san da wane ido zan sake kallonsu ba idan na bar bukkoki a rufe kawuna yana mutuwa a ƙasan tudun. Baba bai ce na yi daidai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko guga da gatari ya ce mu tafi. Muna shirin fita sai mahaifiyarku ta yi magana daga bakin ɗakinta. Ba da ni ta yi ba, da Inna ta yi.

"Inna, ki tambaye shi, in ya je can zai riƙa dawowa gida?"

Na amsa da kaina. Na ce ba zan taka gidan nan ba sai ciwon ya ƙare.

Mun sami Kawu Alu a ƙarƙashin wani zane da ya kafa da sanduna, matarsa tana kwance jikinta duk ya feso. Da ya gane ni sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Iro, kada ka matso. Mun gudo ma dogaran kumandan na Faransi, ga shi mun taho da abin da ya hi su."

Na nuna masa tabon da ke dantsena na ce ba za ta kama ni ba. Kafin la'asar ta yi sanyi mun kwashe su duka zuwa tudu. Waɗanda ba sa iya tafiya muka ɗauke su a kan makarar sanduna biyu da bargo, irin wadda nake koya wa yara suna dariya suna ɗaukar junansu. Na aika wa shugaban makarantarmu cewa ba zan zo aiki ba, na kuma roƙi a kai saƙo Katsina a turo mai lamba. Muka raba wurin. Bukkoki uku na gabas na marasa lafiya, biyu na yamma na waɗanda ba ta kama ba, ni da Baba muna kwana a rumfar karatu. Baba kaɗai ke jan ruwa, da guga ɗaya, kada kowa ya taɓa igiyar. A bakin saurar akwai wata kuka, nan ne iyakarmu da gida. Inna da mahaifiyarku sukan kawo kunu da tuwo su juye a ƙorenmu ba tare da sun taɓa su ba, su koma baya, sannan in zo in ɗauka. Hatsin daga rumbunmu yake fitowa, daga baya wasu maƙwabta suka fara aiko nasu a ɓoye. Da mai lamba ya iso ya yi wa masu lafiyar da ke sansani, kuma kafin ya tafi ya ja ni gefe ya ce, ciwon ba zai kama ni ba amma tufafina suna iya ɗaukarsa. Duk lokacin da zan doshi mutane in tuɓe rigar aiki, in wanke jiki da ruwan zafi da toka, in sa wata. Na rataye riga mai tsabta a reshen kukar don haka. Ina so ku riƙe wannan: an faɗa mini, na fahimta, ni kaina na sha koya wa yara irinsa.

Ba zan ba ku labarin abin da idona ya gani a bukkokin nan ba. Wanda bai san agana ba ya gode wa Allah. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Waɗanda suka rasu ni da Baba muke yi musu wanka da salla, mu binne su a yammacin sansani cikin zannuwan jikinsu, don babu likkafani. Da jikin matar Kawu ya yi tsanani, Inna ta ce mini daga nesa a gindin kuka, idan ta cika akwai farin ƙyalle a cikin adudunta wanda ta ajiye wa kanta, a yi amfani da shi. Washegari kafin azahar ta cika. Kawu, wanda shi ma ciwon ya kama har idonsa ɗaya ya rufe, ya riƙe ƙafata.

"Kada ku sa ta ƙasa da tsumma, Iro. Shekara talatin tana rufa mini asiri."

Zafi ya yi yawa, gawa ba za ta jira ba, kuma masu kawo abinci sai la'asar za su zo. Na ruga. Na wuce kuka, na ga rigar a rataye, na ce a raina ai a ƙofar gida zan tsaya in kira a miƙo mini. Na isa na yi sallama sau uku babu amsa. Unguwa tsit, kowa ya shige inuwa. Na ɗauka Inna tana maƙwabta, mahaifiyarku kuma ta tafi ɗiban ruwa. Na ce bari in shiga da sauri in fito, ba zan taɓa komai ba sai adudun. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko ƙyallen. Ina juyowa sai ga Kulu ta tashi daga barci a kan tabarma, tana murza ido. Ta dube ni, ta gane ni, ta taho da gudunta na yara ta rungume ƙafata. Kusan wata guda ban gan ta ba. Na duba tsakar gida ban ga kowa ba. Tun da aka haife ta ban taɓa samunta ni kaɗai ba, babu idon da zan ji kunya. Sai na sunkuya na ɗauke ta. Ta kwantar da fuskarta a kafaɗata, a kan rigar da na kwana da ita cikin marasa lafiya, tana wasa da igiyar usur da ke wuyana. Ban fi ƙiftawar ido kaɗan ba na tuna. Na sauke ta, ta fashe da kuka, na fita da gudu ban waiwaya ba. Muka binne matar Kawu cikin farin ƙyalle. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba.

Na yi ta ƙirga kwanaki ina roƙon Allah. A rana ta goma sha biyu na hangi Inna a gindin kuka babu ƙwarya a kanta, tun kafin ta buɗe baki na san abin da ya kawo ta.

"Yarinyar nan tana zazzaɓi tun jiya. Ba ta shan komi."

Da ƙurajen suka fito na ce a kawo ta sansani kada ta bazu a unguwa. Mahaifiyarku ta goyo ta da kanta ta hau tudun, ta ajiye kunyar 'yar fari a gefe, ta shiga bukkar ma'ajiya da muka share musu. An yi wa uwar lamba a ranar amma an makara, ita ma ta kamu. Zanzanar da kuka sani a fuskarta daga nan ta samo ta. Kulu ta yi kwana tara. Ta rasu da hantsi, a hannun Inna, lokacin mahaifiyarku ba ta san inda kanta yake ba. Baba ya haƙa kabarin da kansa bai bari na taɓa gatari ba, kuma muka sa ta kusa da matar Kawu. Sai bayan kwana huɗu uwarta ta farfaɗo ta tambaya. Inna ce ta gaya mata. Ba ta yi kururuwa ba. Ta juya fuskarta ga zana.

A cikin gari ma ciwon ya shiga wasu gidaje, aka ce daga sansanina iska ta kai shi. Ban sani ba. A shekarar babu garin da ya tsira a duk yankin, amma ban yi musu da kowa ba, don na san aƙalla gida ɗaya da ni na kai wa. Kawu Alu ya tashi da ido ɗaya. Shi da sauran waɗanda suka rayu ba su koma ƙasar Faransi ba, aka ba su gonaki wajen Magama, kuma jikokinsu ne wasu daga cikin waɗanda kuke gaisawa da su a kasuwa ba ku san yadda aka yi suka zo ba.

Da mara lafiya na ƙarshe ya warke, aka turo duba-gari. Ya zagaya daga nesa da ƙyalle a hanci, ya ce bukkoki da tabarmi da igiyoyi duk sai an ƙone su. Leburorin da ya zo da su suka ƙi matsowa. Baba ya ce shi zai yi, na ce a'a, ni na kafa su, ni na buɗe su. Na fitar da tukwane da akwatin magani. Na ɗebo garwashi a rumfar girki na fara da bukkar da Kulu ta rasu a ciki, sannan na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har gadar igiya. Jinkar bazara ba ta jira, kafin a jima tudun duka ya kama. Mutanen gari sun fito sun tsaya a hayin gulbi suna kallo. Abin da suka gani shi ne malamin makaranta a tsaye a tsakiyar fili, wuta ta kewaye shi, bai motsa ba har sai da tsohonsa ya shiga ya jawo shi. Daga nan maganar hauka ta samo asali. Ba hauka ba ne. Abin da ya rage a wurin rijiya ce, da azarar tuta wadda ta yi baƙi har sama.

Mai Lofe ya dawo da farkon damina, ciyawa ta fara tsirowa a cikin toka. Ya sa aka kira ni da Baba zuwa wurin. Hausarsa ba ta da daɗin ji amma ana ganewa.

"Malam Iro, wa ya ba ka izini?"

"Babu wanda ya ba ni."

"Da ina nan, ka san zan ce a'a?"

"Na sani. Shi ya sa ban ji daɗin rashinka ba, kuma ban yi baƙin cikinsa ba."

Ya tambayi inda aka binne mutanen, na kai shi. Da ya ga ƙaramin kabarin ya tambaya na wane ne, Baba ya gaya masa. Ya cire hularsa ya daɗe a tsaye. Duk da haka ya ce dole ya rubuta abin da ya faru, kuma iyayen yara ba za su yarda su ba ni 'ya'yansu ba. Aka karɓe usur ɗina, aka mayar da ni wata ƙaramar makaranta can kudu, inda na yi shekara huɗu. Amma a ranar, kafin Mai Lofe ya hau dokinsa, ya tambayi Baba ko har yanzu ya yarda a yi amfani da saurar. Baba ya ce:

"Rijiya tana nan, ruwanta bai yi laifin komi ba. Sai dai abu biyu. A kewaye kaburburan ga, kuma wannan karon a yi gini da ƙasa, abin da in an yi ciwo ciki ana iya wanke shi da farar ƙasa ba sai an sa wuta ba."

Haka aka yi. Ɗakin farko da aka gina da tubali shi ne ɗakin shan magani, a daidai inda ma'ajiya take. Sauran suka biyo baya a hankali, rufin kwano da famfo kuwa sai bayan shekaru da yawa. Da na dawo gida aka mayar mini da usur ba tare da wani biki ba, na ci gaba da horar da yara da malamai a wurin har ƙarfina ya ƙare. Idan kun je, ku zagaya bayan ɗakin girki za ku ga wata gajeriyar katanga wadda yara ke zama a kai suna cin abinci. Yayarku tana cikinta, daga kusurwar arewa. Ku yi mata addu'a, ita da waɗanda ke kwance tare da ita.

Mahaifiyarku ba ta sake taka tudun nan ba har ta bar duniya. Ta bi ni kudu, ta haife ku ɗaya bayan ɗaya, kuma kowannenku ita da kanta ta kai shi aka yi masa lamba tun yana jariri, ba ta jira shawarar kowa ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa rage mini komai na haƙƙi ba, amma maganar shekarar nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Na ɗauka tana riƙe da ni a zuciya saboda na buɗe sansani, kuma na ga tana da gaskiya, har ma ba ta san rabin laifin ba. Sama da shekara arba'in na zauna da ita da wannan abu a cikina. A ciwonta na ƙarshe, wata safiya da kuka fita kuka bar mu mu biyu, na zauna a bakin gadonta na ce ina da maganar da ban so in je gaban Allah da ita ba tare da ta ji ba. Na gaya mata komai, tun daga rigar da na wuce a reshen kuka har zuwa kukan da Kulu ta yi da na sauke ta. Ta saurara har na gama idonta yana kan rufin ɗaki.

"Na sani, Malam," in ji ta.

Na ce wa ya gaya mata.

"Babu wanda ya gaya mini. Ina cikin madafa. Na ji sallamarka duka uku, na ƙi amsawa don ina fushi da kai. Na gan ka ta kafar zana ka shiga, na ga ta taho, na ga ka sunkuya. Na san rigar ce, don na ji warinta tun daga inda nake. Da na yi magana ɗaya da ka tsaya."

Ta mayar da numfashi, sannan ta ci gaba.

"Ban taɓa ganin ka ɗauke ta ba. Da na ga ta kwantar da kai a kafaɗarka sai daɗi ya kama ni, na ce bari in bar su kaɗan. Shekarun nan duka kana tsammani da kai nake fushi. Kunyarka nake ji, Malam. Ina jira ka tambaye ni inda nake a ranar."

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce ita ma in yafe mata. Muka zauna haka har rana ta shigo ta ƙofa ta kai bakin gado. Sannan ta ce in miƙo mata ruwa. Na ɗebo a moɗa na tallafi kanta, ta sha.